Ƙafafun Baba Hagu-da-dama

Sau ɗaya a shekara, a mako na shida da komawa karatu, wani mai gyaran fanka da dutsen guga yakan rufe shagonsa da hantsi, ya hau motar haya zuwa makarantar koyon aikin likita. Can zai cire takalmansa a gaban ɗaliban aji biyu su kusan ɗari biyu, ya naɗe wandonsa har sama da gwiwa, ya kwanta a kan wani dogon tebur mai katifar roba. Bana ne karo na ashirin da uku. Bai gama sakandare ba, kuma sunansa ba ya cikin jerin ma'aikatan makarantar, amma duk likitan da ya fito daga wurin a tsawon shekarun nan, da ƙafafunsa aka koya masa yadda saƙo ke kai da kawowa tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baba Hagu-da-dama. Sunan ya biyo shi har unguwa, yanzu ko jikokinsa haka suke kiransa.

Da can facin taya yake yi a bakin titi. Yana da shekara talatin da ɗaya wata tayar babbar mota ta fashe ana cikin ba ta iska, daidai lokacin da ya juya baya zai ɗauko sufana. Wani guntun ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba ya shige masa tsakiyar baya, ya datse rabin lakarsa, wato farar igiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. Rabin dama ya datse cif, ya bar rabin hagu lafiya lau.

Likitar da ta fara duba shi a asibitin koyarwa wata ƙaramar likita ce, gajera, mai saurin magana. Ita ce yau ake ce wa Farfesa, kuma ita ke koyar da darasin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

“Ina kwance ina tunanin wanda zai riƙe mini yara,” in ji Baba, “ita kuwa tana tsaye a kaina tana murmushi kamar an yi mata albishir. Ta soka mini allura a nan, ta soka a can, ta fita da gudu. Na ce shi ke nan, ta tafi kiran masu ɗaukar gawa. Ashe ƙawayenta ta je kira su zo su sha kallo.”

Abin da ta gani shi ne wannan. Ƙafarsa ta dama ta raunana, har yau janta yake yi, kuma in ya rufe ido bai san inda yatsunta suke kallo ba, amma tana jin zafin allura sarai. Ta hagu kuwa ƙarfinta na nan, zai iya harbin ƙofa da ita ta buɗe, sai dai ba ta jin zafi, ba ta bambanta ruwan sanyi da tafasasshe. In an taɓa ta ya san an taɓa, iyakarta ke nan. Dalili kuwa, saƙon ƙarfi da na sanin inda gaɓa take a gefensu suke tafiya a cikin laka, sai can sama kusa da ƙwaƙwalwa suke ƙetarawa ɗaya ɓangaren. Saƙon zafi da na sanyi kuwa da zarar ya shiga laka yake ƙetarawa. Shi ya sa yanka guda ya ɓata ƙafa biyu, kowace da irin tata ɓarnar. Wannan yana cikin kowane littafin koyon likita, an zana shi da jan layi da shuɗi, kuma ɗalibai sukan haddace shi ranar Litinin su manta kafin Laraba.

Shekara biyu bayan hatsarin aka ba ta aji ta fara koyarwa, sai ta aika a nemo shi.

Tsarin darasin bai taɓa canzawa ba. Baba zai shigo ta ƙofar baya, ya sauko matakalar ɗakin lacca a hankali yana jan ƙafar dama, kowa na kallo. In ya kwanta, Farfesa za ta ɗaga kai ta nemi ɗalibin da ya fi kowa sunkuyar da kai, don a ganinta wanda ke ɓuya shi ya fi bukatar a fito da shi. Za ta maƙala masa makirfo a wuyan farar rigarsa, ta miƙa masa allura mai jan kai, ta ce, “Likita, nuna mana ƙafar da ba ta jin zafi.” Ɗalibin da ya gama kallon mutum na jan ƙafar dama, kai tsaye can yake nufa. Kuma da yake ya tabbata ƙafar a mace take, ba ya sokawa da tausayi.

Nan ne Baba ke yin ihu.

Ihun hawa uku ne. Yana farawa da siririyar murya, ya faɗo ƙasa ya yi kauri, sannan ya ƙare da tambaya: “Wa ya aiko ka, ɗan nan?” An taɓa samun ɗalibin da ya yar da allurar ya nufi ƙofa. Wata ta fashe da kuka tana ba shi haƙuri, ya ce ya yafe amma ta faɗa wa iyayenta. Baba bai musanta cewa yana ƙara gishiri ba. “Zafin gaskiya ne,” ya ce, “amma in na yi ɗan tsaki kawai, na layin baya ba za su samu rabonsu ba.”

Shekara ashirin da biyu a jere ba a samu wanda ya tsallake tarkon ba. Manyan ɗalibai ba sa tona wa na ƙasa asirin, kowa yana so wani ma ya ɗanɗana. Sau biyu an samu masu tausayin da suka raɗa wa ƙannensu cewa hagu ce. Su kuma da suka tsaya a wajen ƙafafunsa suna fuskantarsa, sai suka soki wadda ke hagunsu, wato damarsa. Farfesa ta fi jin daɗin waɗannan, don ta ce kuskuren da ake yi ke nan a yi wa mutum aiki a lafiyayyar ƙafa.

Bayan ihun takan yi bayani da zane a allo na minti arba'in. Sannan, duk da ta hana shi tun shekara ta uku, Baba yakan tashi zaune ya yi nasa.

“Ku bar wannan zanen, zai ruɗa ku. Gida biyu ne a jere, kowane yana da waya biyu. Wayar wuta ta gidanka ta bi ta bangonka. Wayar ƙararrawa kuwa mai haɗawa ya bi da ita ta bangon maƙwabci. Ɓera ya ci bangon dama. Gidan dama ba wuta, gidan hagu ba ƙararrawa. Wa bai gane ba?”

“Laka ba wayar fanka ba ce,” Farfesa za ta ce.

“Ni ke da lakar, ranki ya daɗe.”

Kowace shekara sai ta samu takardun jarrabawa biyar ko shida da aka rubuta mata maganar ɓera. Tana soke ɓeran da jan biro, ta ba da makin.

Sauran kwanakin shekara yana shagonsa, wani ɗan ɗaki tsakanin shagon mai aski da na mai sayar da fenti. Fankoki marasa fukafukai na rataye a rufi, duwatsun guga na jere a kan kanta kowane da takardar mai shi ɗaure a hannu. Yana aiki a zaune, ƙarfen lika dalma a dama, ƙafar hagu a miƙe ƙarƙashin tebur. Nan matsalar take. Narkakkiyar dalma takan ɗiga, kuma in ta faɗa wa ƙafar hagu, hancinsa ne ke fara ba shi labari, in ma ya ba shi. Saboda haka tun da ya fito daga asibiti aka kafa doka a gidansa: kullum bayan cin abincin yamma sai wani ya duba ƙafar da tocila, tsakanin yatsu, tafin ƙafa, diddige, har bayan ƙwauri. Matarsa ce ta fara, wadda yake kira Gwamnati ko a gabanta. Da idonta ya fara rauni aikin ya koma kan yara, ɗaya bayan ɗaya, har ya sauka a kan Auta tun tana da shekara bakwai. Ta cire masa ƙaya, ta cire ƙusar takalmi, sau ɗaya ta zaro wata 'yar waya da ya yini yana yawo da ita. Yakan ce ƙafarsa ce ta sa ta sha'awar aikin likita. Ita takan ce a'a, makinta ne ya kai.

Bara ta samu shiga makarantar. Bana ta shiga aji biyu.

Saura mako uku a yi darasin, ana cin abinci, ta ajiye cokali ta ce, “Baba, ina roƙon wata alfarma. Bana kar ka je.”

Ya ɗauka wasa ne. “In ban je ba ƙafar wa za ku soka? Ta Farfesa?”

“Da gaske nake.”

Ta ciro wayarta ta danna wani abu ta ajiye a tsakiyar tabarma. Ihunsa ya fito, hawa ukun duka, har da tambayar ƙarshe. Wani ɗalibi ne ya naɗa shekaru uku da suka wuce, tun daga nan yake yawo. Rabin 'yan ajinsu da shi wayarsu ke ringi. In malami ya sa jarrabawar ba-zata, shi ake tura wa juna. A ɗakin cin abinci akwai wani dogo da ke kwaikwayonsa, har da jan ƙafar, mutane na buga tebur.

“Ke kuma me kike yi in yana yi?” Gwamnati ta tambaya.

Auta ta ce, “Dariya nake yi, Mama. Me zan yi? Ba wanda ya sani.”

Baba ya sa ta sake kunna ihun. Ya saurara da kyau, ya ce wanda ya naɗa ya yi nisa da tebur, hawa na biyu bai fito yadda ya kamata ba. Ba wanda ya yi dariya.

“Kunyata kike ji,” ya ce.

“Ba kunyarka ba ce. Ba na son in zauna cikin mutum ɗari biyu ubana na kwance wando a naɗe ana yi masa dariya. Kuma in suka gane, shi ke nan, na zama 'yar Hagu-da-dama har in yi ritaya.”

“To da 'yar wa ce?”

Ta tashi ta kwashe kwanuka. Ranar ba a duba ƙafa ba. Washegari ta haɗa jaka ta ce za ta zauna a ɗakin wata ƙawarta a makaranta saboda karatu ya yi yawa.

Baba ya ɗauki maganar da muhimmanci fiye da yadda ya nuna. Abu na farko da ya yi shi ne neman wanda zai maye gurbinsa, kuma da yake masu rabin laka ba su da yawa a unguwar, ya faɗa wa maƙwabcinsa mai aski. Aikin mai sauƙi ne, ya ce masa: ka ja ƙafar dama, ka yi ihu in an soke ta, in an soki hagu ka yi kamar ba ka nan. Suka rufe shagon aski da azahar suka gwada. Mai aski ya iya jan ƙafa, har ya fi mai ita. Ihun ma ba laifi. Amma da Baba ya kawo allura kusa da ƙafar hagu, tun kafin ta taɓa fata mai aski ya yi tsalle ya ture madubi.

“Na ce maka ba ta ji!” Baba ya daka masa tsawa.

“Taka ce ba ta ji! Tawa uwata ta haife ta da jinta!”

Daga nan ya tafi ofishin Farfesa, wani ɗaki mai ƙwaƙwalwar roba a kan firji da tarin takardu a kan kowace kujera. Ta kwashe na kujera ɗaya ta zuba a ƙasa ya zauna. Ya gaya mata akwai 'yarsa a ajin bana, kuma ba ta so ya zo.

“Wace ce?”

“Ba zan faɗa ba.”

“Ai sai in duba rajista.” Ta jawo takardar, ta tsaya, ta dube shi ta saman tabarau. “Wai ma mene ne sunanka na gaskiya?”

“Shekara ashirin da huɗu kina sukata, ranki ya daɗe.”

“Ƙafafunka na sani, ba kai ba.”

Ya ƙi faɗa mata. Ta ce ba za ta tilasta masa ba, akwai bidiyon wani mai irin ciwonsa daga wata ƙasa, shi sauran makarantu ke nunawa. Ta kunna masa a kwamfuta. Wani mutum ne mai tsabta a kwance, ana taɓa shi da allura yana cewa a hankali, nan ina ji, nan ba na ji. Baba ya kalla har ƙarshe, hannunsa a haɓa.

“Wannan ba ya son aikin,” ya ce. “Yara za su yi barci.”

“Za su yi,” ta ce. “Suna yi ma.”

Ya dawo gida bai yanke komai ba. Kwana huɗu yana gyara fanka ɗaya. Gwamnati ce ta gaji ta yanke hukunci, ta kira Auta a waya ta sa a lasifika don kowa ya ji da kunnensa.

“Ku saurara, ba zan maimaita ba. Kai za ka je, don in ba ka je ba ni zan sha ƙorafinka har baɗi. Ke kuma ba za a tona miki asiri ba. Bai san ki ba, ba ki san shi ba. Ko kallon inda take kar ka yi. Ka ji ko?”

“Na ji.”

“Ke fa?”

“Na ji, Mama.”

Kullum da yamma Gwamnati takan ce ya kawo ƙafar ta duba, ko da idon nata ne. Shi kuma yakan ce ya duba da kansa, ba sai an dame shi ba, tun da mai dubawar ta yi girman da ba ta san shi ba.

Ranar darasin ya sa wankakken wando mai faɗin ƙafa, ya shigo ta ƙofar baya kamar kullum. Ɗakin ya cika har da masu zama a matakala, don manyan ɗalibai kan sato jiki su dawo kallo. Ya sauko yana jan ƙafar, idonsa a kan tebur, bai dubi hagu ko dama ba. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya kwanta, ya kafa wa fankar rufi ido. Daga baya ya ce fankar tana bukatar a canza mata kwandansa, ɗan abin nan da ke tayar da ita.

Auta ta san dokar Farfesa sarai, ta kuma yi niyyar zama kai a miƙe kamar kowa. Amma da ta hango ƙafafun nan biyu a kan katifar roba, tsirara, ƙarƙashin farar fitila, sai kanta ya sunkuya da kansa, ya ƙi ɗagowa.

“Ke,” in ji Farfesa. “Mai ƙirga tayil a layi na tara. Sauko.”

Ta sauko. Aka maƙala mata makirfo, aka miƙa mata allura. Sai a lokacin Baba ya ga wadda aka kira. Ya mayar da idonsa kan fanka.

“Likita, nuna mana ƙafar da ba ta jin zafi.”

Wayoyi suka ɗago daga kowane layi, an shirya naɗar sabon ihu. Auta ta zagaya tebur ta tsaya a wajen ƙafar hagu, ta soka allurar a ƙwauri. Shiru. Ta soka a saman ƙafa. Shiru. Baba na kwance kamar ana yi wa wani aski.

Wani dogon “haba” ya taso daga matakala. Farfesa ta cire tabarau ta goge ta mayar.

“Wa ya gaya miki?”

“Ba kowa, Farfesa. Saƙon zafi yana ƙetarawa ne da zarar ya shiga laka. Tun da ƙafar dama ce mai rauni, yankan na dama ne, kuma zafin da ya bi ta dama na ƙafar hagu ne.”

“To. Ashe akwai mai buɗe littafi.” Muryar Farfesa ba ta nuna murna sosai ba, minti arba'in ɗinta sun tafi a jimla biyu. “Ci gaba. Nuna mana iyakar inda jin ya ɓace. Fara daga tafin ƙafa.”

Auta ta sa hannu ƙarƙashin diddigen ta ɗaga ƙafar, yadda ta saba ɗaga ta shekara goma sha uku. Babban yatsanta ya bi bayan idon sawu kafin ta yi tunani. Ta tsaya. Ta juya ƙafar wajen haske.

A bayan diddige, inda igiyar takalmi ke zama, akwai ƙuna mai faɗin murfin kwalba. Gefenta ya yi ja ya kumbura, tsakiyarta ta fara ruwa, kuma har lokacin akwai ɗigon dalma a manne a jiki.

“Baba! Mene ne wannan?”

Lasifikoki huɗu ne a ɗakin, duka suna aiki.

“Kwana nawa? Dube shi, har ya fara wari! Ba Mama ta ce ka daina zama da silifa a shago ba? Ina takalmin da Yaya ya kawo maka? Ka ce mata ka duba da kanka, ko? Da wane idon, na ƙeya?”

Farfesa ta dubi ɗalibar, ta dubi na kwance.

“Kun san juna ne?”

“Ni ban taɓa ganin yarinyar nan ba, ranki ya daɗe,” in ji Baba, idonsa a kan fanka.

“Baba, yi shiru.”

“Kin ji irin tarbiyyar yaran yanzu. Ko 'yar wa ce oho.”

Dariyar ta fara daga Farfesa, abin da manyan ɗalibai suka ce ba su taɓa gani ba, sannan ta bi layi-layi har matakala. Auta ta dubi makirfon da ke wuyan rigarta, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba ta saki ƙafar ba. Ana cikin haka wayar wani ta yi ringi a layi na uku, da ihun, hawa na farko. Dogon nan ne mai kwaikwayo a ɗakin cin abinci. Ya shiga lalube aljihu, wayar ta zame ta faɗi ƙarƙashin kujera tana ci gaba.

Auta ta juyo ta dube shi. “Ɗauka mana,” ta ce. “Ubana ne ke kiranka.”

Ya kashe wayar gaba ɗaya. Nan da can aka ga wasu ma suna saukar da tasu a hankali.

Farfesa ba ta barin abu ya tafi a banza. Ta bar allo ta sa ɗalibai su sauko layi-layi, kowa ya zo ya ga diddigen, Auta na riƙe da ƙafar tana haska musu da fitilar waya. “Ku kalla da kyau,” take cewa. “Kullum marar lafiya zai zo muku yana roƙon ku kashe masa zafi. Ga ƙafar da aka kashe wa zafi. Kwana biyar tana ruɓewa mai ita na gyaran fanka.” Aka ɗauki kusan awa ɗaya. Baba ya gaisa da kowa, ya tambayi wasu ko suna da dutsen gugar da ya lalace. Da wata ta tambayi Auta a hankali ko da gaske babanta ne, ta ce eh, kuma ta matsa, akwai mutane a bayanta.

Bayan an tashi suka tafi ɗakin wanke ciwo a asibitin. Nas ta ɗauko ruwan magani ta ce ya daure, zai yi zafi sosai. Uba da 'ya suka dube ta tare. Ta wanke, ta kankare dalmar, ta naɗe da bandeji, ta rubuta masa ƙwayoyi na kwana bakwai, shi kuwa yana ta ƙorafi a kan wani abu daban.

“Kin ɓata musu shekara,” ya ce wa Auta. “Aji guda za su fita ba su ji ihu ba. Ki rubuta ki ajiye, 'yan ajinku sai sun yi wa wani aiki a ƙafar da ba ita ba.”

“Sun ga gyambo. Ya ishe su.”

“Kuma hannunki na rawa da kika riƙe allurar.”

“Bai yi ba.”

“Ni aka soka.”

“Ai ba ka ji.”

Can ya sassauta murya ya ce ba sai an gaya wa Gwamnati ba, za a iya cewa Farfesa ce ta naɗe ƙafar don koyarwa. Auta ta ce ta riga ta kira ta tun suna hanya, kuma ta ce a gaya masa tana nan zaune a ƙofar gida. Baba ya juya ya tambayi nas ko akwai gadon da ba kowa, ko na kwana biyu ne. Nas ta ce babu.

Takalmin hagu ya ƙi shiga saboda bandejin. Auta ta koma ɗakin ƙawarta ta ɗauko jakarta, ta dawo ta karɓi takalmin ta riƙe a hannu. Akwai ƙaramar ƙofa ta bayan asibiti da ke fita kai tsaye tashar mota, ya nuna mata ita. Ta ce can akwai kwata, bandejin zai jiƙe. Suka bi ta babbar ƙofar makaranta, daidai lokacin da 'yan ajinsu ke fitowa cin abincin rana, yana dafe da kafaɗarta, suna tafiya da saurin ƙafar dama.